Harsashin Ƙaramin Gini Inda Ruwa Ke Kwanciya Kuma Ƙasa Ke Daskarewa: Tambayoyi da Amsoshi

Me ke sa ƙasa ta ɗaga gini a lokacin hunturu?

Sai abu uku sun haɗu: sanyin da ya kai ga daskarar da ƙasa, ruwa a kusa, da ƙasa mai laushi kamar gari wadda ke tsotso ruwa sama. Ruwa yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya zama ƙanƙara, amma ba wannan ne babban dalili ba. Ƙanƙarar takan yi falle a cikin ƙasa, ta riƙa jawo ruwa daga ƙasanta tana ƙara kauri, falle bisa falle. Wani masanin ƙasa da duwatsu, Stephen Taber, ya nuna haka a wajajen 1930, da ya gwada da ruwan sinadarin da ke tsukewa idan ya daskare, ƙasar kuma ta kumbura duk da haka. A fili mai ruwa ƙanƙarar ba ta rasa abin sha. Kuma ba daidai wa daida take ɗaga ginin ba: kusurwa ɗaya ta tashi, ƙofa ta ƙi rufuwa, bango ya tsage daga gefen taga.

Ba sai a haƙa a wuce inda sanyi ke kaiwa ba?

Haka ne, amma zurfin ya danganta da wuri. A Ingila santimita 45 ne mafi ƙaranci, a arewacin jihar Minisota ta Amurka kuwa kusan mita ɗaya da rabi. Matsalar ita ce ramin kan cika da ruwa kafin a gama haƙa, gefensa ya rufta. Kankaren da aka zuba a cikin ruwa simintinsa wankewa yake yi, don haka dole injin tsotsar ruwa ya kasance yana aiki. Kada kuma a zuba kankare a kan daskararriyar ƙasa, domin za ta zauna da zarar ta narke.

Ginshiƙi ya kai zurfin da ake so, amma ya tashi. Yaya aka yi?

Ƙanƙara ce ta kama shi ta gefe ta tumɓuko shi, kamar yadda ake cire turke. Hakan ya fi faruwa idan an zuba kankare kai tsaye a rami mai faɗin baki, jikinsa ya fito da kaushi. Da ya tashi, laka ta gangara ƙarƙashinsa, ba zai koma mazauninsa ba, badi kuma ya ƙara. Maganin shi ne a zuba shi a bututu mai santsi, a faɗaɗa gindinsa a ƙasa da iyakar daskarewa, wato zurfin da sanyi ke kaiwa, sannan a sa rodi ya haɗe gindi da jiki don kada ya tsinke a tsakiya.

Wane zaɓi ya fi dacewa da fili mai ruwa sosai?

A ganinmu, turakun ƙarfe masu murɗaɗɗen fiffike a baki, waɗanda inji ke murɗawa cikin ƙasa. Babu haƙa, babu jiran kankare ya kama. Fiffiken ya wuce iyakar daskarewa ya kama ƙasa mai ƙarfi, siririn jikin kuma ba ya ba ƙanƙara wurin riƙo sosai. Ƙarfin da injin ya sha wajen murɗawa shi ke nuna nauyin da turken zai ɗauka, saboda haka a nemi a rubuta shi ga kowane turke. A zaɓi ƙarfe mai rufin hana tsatsa, a bar sarari tsakanin ƙasa da katakon daɓen ginin don ƙasa ta kumbura ba ta taɓa shi ba.

Daɓen kankare marar zurfi fa?

Yana yi idan an kare shi da allon kumfa mai tauri da ke tare sanyi, irin wanda ake kira XPS da ba ya shan ruwa sosai. An daɗe da wannan dabara a Nowe da Suwidin da Finlan. A gini mai ɗumama, ana jera allon a jikin harsashi da kewayensa, ɗumin ɗaki ya hana ƙasa daskarewa, zurfin santimita 40 ma kan wadatar. Inda ake yawan kuskure shi ne ɗakin ajiya ko gareji da ba a ɗumamawa. A nan allon zai shimfiɗu ƙarƙashin daɓen gaba ɗaya, ya zarce waje ta kowane gefe, a kan tsakuwa mai kaurin aƙalla santimita 15. Kaurin allon da faɗinsa tsananin sanyin yankin ne ke yanke su. Kankaren da zai sha sanyi ana haɗa shi da maganin da ke bar masa ƙananan kumfar iska, kashi 5 zuwa 7.

Tsakuwa kaɗai za ta ɗauki ƙaramin ɗakin katako?

Za ta ɗauka, muddin an yarda ya ɗan motsa. A kwashe baƙar ƙasar sama, a shimfiɗa ƙyallen da ke hana laka shiga tsakuwa, a zuba fasasshen dutse marar gari santimita 10 zuwa 15 a daddanne kafin a ƙara wani. Shimfiɗar ta zarce ginin da santimita 30 ko fiye. Abin lura: idan ruwa ba shi da mafita, ramin tsakuwar kwatami zai zama. A irin wannan fili a tara tsakuwar sama da doron ƙasa, a karkata kewayen ya sauka santimita 15 cikin mita 3 na farko. Bututu mai huje-huje na santimita 10 yana taimakawa ne kawai idan bakinsa na zuba a wuri mafi gangare da ba ya toshewa da ƙanƙara.