Waiwaye: Yadda manhaja ta koyi gane hasumiyar oba-oba

A da, kowace hukuma da zangonta na rediyo. Mai sauraro ya san inda zai murɗa akwatin rediyonsa ya ji 'yan kwana-kwana, da inda zai ji 'yan sanda. Da zanguna suka yi ƙaranci sai aka koma tarayya: hukumomi da yawa a kan 'yan zanguna kaɗan, kwamfuta tana ba duk wanda ya danna oba-oba layin da ba kowa. Ka ji tambaya a nan, amsa ta ɓulla can.

Bakin zaren yana layin umarni, zangon da ba a jin komai a kansa sai ƙugi marar yankewa. Saƙonni ne, ɗigon bayanai (bit) 3600 a daƙiƙa a tsohon tsarin Motorola, 9600 a tsarin EDACS na General Electric. A cikinsu hasumiya take ta nanata lambar tsarinta. Masu sha'awar abin suka riƙa kwance akwatinsu, su jona waya a ciki, su ja ɗanyen sautin zuwa kwamfuta. Sai 1997 kamfanin Uniden ya fitar da akwatin BC235XLT, mai bin magana daga zango zuwa zango da kansa.

P25, ƙa'idar oba-oba ta dijital wadda aka fara tsarawa a Amurka a 1989, ita ta mai da lambar hawa-hawa: WACN ta babbar hanyar sadarwa, sai lambar tsari, sai RFSS ta rukunin hasumiyoyi a cikin tsarin, sannan lambar hasumiya. Manhaja irin Unitrunker ko SDRTrunk tana haɗa huɗun kafin ta ce ga hasumiyar da take ji. Dole ta haɗa ɗin, domin tsare-tsaren Motorola da dama WACN ɗinsu ɗaya ce, BEE00, kuma hasumiya mai lamba 1 ba ta ƙirguwa. Wanda ya riƙe lamba guda zai haɗa garuruwa biyu a rumbun bayanansa bai sani ba. Wani abin daɗi, hasumiya tana tona maƙwabtanta, ta faɗi lambarsu da zangonsu, har waɗanda eriyarka ba ta kai gare su.

Daga 2012, da aka gano 'yar na'urar kallon talabijin a kwamfuta mai guntun lantarki RTL2832U tana kama waɗannan zanguna, kwance akwati ya zama tarihi.

Suna kuwa, hasumiya ba ta faɗa. Idan ka ga sunan gari ko tsauni a allo, wani ne ya zagaya da mota, ya lura inda siginar ta fi ƙarfi, ya duba takardun lasisi, ya rubuta da hannunsa.