Shin Cab Calloway ne ya ƙirƙiro waƙa da sautuka marasa ma'ana?

An daɗe ana faɗa a tsakanin masu sha'awar tsohon kiɗan jaz cewa Cab Calloway, shugaban makaɗan nan na Amurka da aka haifa a 1907, shi ne ya fara rera waƙa da sautuka marasa ma'ana, salon da Amurkawa ke kira scat. Ba abin mamaki ba ne a ɗauka haka, domin wanda ya ga hoton bidiyonsa sanye da farar kwat mai dogon bindi, yana juya sandar jagoranci, gashinsa na watsuwa, yana jefa "hi-de-ho" jama'a na amsa masa kamar 'yan amshi, zai yi zaton a bakinsa abin ya tsiro.

Amma tarihin faya-fayai bai goyi bayan wannan zance ba. Louis Armstrong, mai busa ƙaho kuma mawaƙin jaz na Amurka, ya ɗauki waƙa da wannan salo a 1926, shekara biyar kafin waƙar 1931 da ta fito da sunan Calloway, kuma a Chicago Calloway ya san Armstrong tun yana matashi, ya koya a wurinsa. Shi kansa Armstrong akwai waɗanda suka riga shi. A ganina, gwanintar Calloway ita ce mayar da salon wasan kira da amshi, wanda ya sa ba a manta da shi ba har bayan rasuwarsa a 1994.

Mai son tabbatarwa ya nemi shekarar da aka ɗauki kowace waƙa, ya jera su, sannan ya saurara da kunnensa. Don Allah a isar da wannan bayani ga masu sha'awar kiɗan.