Giyar rake da tsibiran Karebiyan: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Tun da na fara bayani kan tattalin arzikin ƙananan tsibirai, tambayoyi iri ɗaya ake aiko mini. Ga amsa a wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Mene ne rum?

Barasa ce da ake yi da rake. Yawanci da baƙin ruwan nan mai kauri da ke saura bayan an fitar da sukari, a bar shi ya yi tsami, a tace. A Martinik da ɗanyen ruwan rake suke yi.

Ai haram ce, me ya kai ka maganarta?

Haram ce, ban ce kowa ya sha ba. Sanin abin da wata al'umma ke ci da shi daban, yarda da shi daban. Ku kwantar da hankalinku.

Me ya haɗa mu da ita?

Cinikin bayi. An riƙa kawo gangunan rum gaɓar tekun Afirka ta Yamma ana musayarsu da mutane, mutanen nan kuma su ne aka kai gonakin rake. A Barbados aka fara sana'ar sosai a ƙarni na 17, kuma kamfanin Mount Gay na can yana da takardar da ta kai 1703. Wanda bai san wannan ba bai kamata ya yi gaggawar yanke wa jikokinsu hukunci ba.

To kuɗin da ake samu, a tsibiran yake zama?

Nan ne maganar ta yi wuya, kuma ba na son amsar "e" ko "a'a". Ya danganta da tsibirin, ya danganta da wanda ya mallaki kamfanin. Albashin ma'aikata, harajin gwamnati, kuɗin waje, da abin da 'yan yawon buɗe ido ke kashewa wurin ziyartar masana'antu, galibi suna zama a gida. Riba kuwa sau da yawa tana ƙetare teku. Mount Gay na hannun Rémy Cointreau na Faransa. Appleton na Jamaika, Campari na Italiya ya saye shi a 2012. Havana Club haɗin gwiwa ne tun 1993 tsakanin gwamnatin Kuba da kamfanin Pernod Ricard na Faransa. Kada ku ce duk zalunci ne, domin waɗannan kamfanoni ne ke da hanyar kai kwalba kantunan duniya, abin da ƙaramin tsibiri ba zai iya shi kaɗai ba. Amma akwai rum mai yawa da ke fita cikin tankuna, a haɗa shi a zuba a kwalba a Turai, kuma a kwalba da suna ribar take.

Sai batun Amurka. Harajin da take karɓa kan rum, mafi yawansa tana mayar wa yankunanta na Karebiyan, wato Puerto Rico da tsibiran Virgin na Amurka. Da wannan kuɗi aka jawo kamfanin barasa na Diageo a 2008 ya amince ya koma yin rum ɗinsa na Captain Morgan a St. Croix, ɗaya daga tsibiran Virgin ɗin. Ga mutanen can alheri ne. Ga Barbados da Jamaika, waɗanda ba su da babban yaya mai irin wannan aljihu, gasa ce da ta fi ƙarfinsu, kuma ƙasashen CARICOM, ƙungiyar ƙasashen Karebiyan, sun koka a kai.

Raken nasu ne duka?

A'a. Tirinidad ta rufe kamfanin sukarinta na Caroni a 2003, St. Kitts ta daina sukari a 2005, Tarayyar Turai kuma ta rage farashin da take sayen sukari da kashi 36 cikin ɗari. Yau wasu masana'antun daga waje suke sayo ruwan da suke tacewa. Wannan ne ya fi damuna, domin manomi ya fita daga lissafi.

Bacardi na Kuba ne?

A birnin Santiago na Kuba aka kafa wannan kamfanin rum a 1862. Gwamnatin Castro ta ƙwace kadarorinsa a 1960. Yanzu hedikwatarsa na Bamuda, babbar masana'antarsa na Puerto Rico. Na amsa wannan fiye da sau goma.