Manhajar Auna Zafin Furosesa

Manhajar auna zafin furosesa ita ce wadda ke nuna ɗumin da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ɗauka yayin aiki, galibi a ma'aunin Salshiyas. Sunan yana da ɗan ruɗarwa, domin manhajar ba ta auna komai da kanta. Ma'aunin yana cikin furosesar ko a jikin babban allon kwamfutar, ita kuwa karantowa take yi ta fassara. Ingancinta ya rataya ne a kan ko ta san irin furosesar da ke gabanta.

Tarihi

A wajajen ƙarshen shekarun 1990, ma'aunin zafin yakan zauna ne a ƙarƙashin mazaunin furosesa, ana karanta shi ta wasu ƙananan kayan lantarki na kamfanoni irin su Winbond da ITE. Manhajar da ta yi tashe a lokacin ita ce Motherboard Monitor ta Alexander van Kaam, wadda aka daina sabuntawa a 2004. Sai SpeedFan ta Alfredo Milani Comparetti ta karɓi fagen, saboda ban da nuna zafi tana iya rage wa fanka gudu ko ƙara mata. Aibinta shi ne jera alƙaluma da sunaye irin Temp1 da Temp2 ba tare da ta faɗi wanne ne na furosesa ba, kuma mahaɗin da ba a jona masa ma'auni ba yakan nuna 127 ko -128. Fitowarta ta ƙarshe, 4.52, ta 2016 ce.

A 2006 Intel ta sa ma'auni a cikin kowace cibiyar furosesar Core. Wannan ma'auni ba ya faɗin zafin kai tsaye. Yana faɗin digiri nawa suka rage a kai iyakar da ake kira TjMax. Manhaja ce ke ɗebe wannan adadi daga iyakar. Da yake a zamanin Core 2 ba a bayyana iyakar a fili ba, kowane mai manhaja ya yi nasa hasashe, wani 85, wani 95, wani 100. Shi ya sa Core Temp ta Arthur Liberman da RealTemp ta Kevin Glynn kan saɓa wa juna a kwamfuta ɗaya. Daga zubin Nehalem na 2008 ne furosesar ta fara faɗin iyakarta da kanta.

Kamfanin AMD ma ya jawo nasa ruɗanin. Ryzen 7 1700X da 1800X na 2017 suna ba da alƙalamin Tctl da aka ƙara wa digiri 20 da gangan don fanka ta tashi da wuri. Zafin gaskiya shi ne Tdie.

Waɗanda ake amfani da su yanzu

HWiNFO ta Martin Malík, ɗan Sulobakiya, ita ce mafi zurfin bayani, kuma tana nuna ko furosesa ta rage gudu saboda zafi. HWMonitor ta kamfanin CPUID na Faransa ta fi sauƙin karantawa. Core Temp furosesa kaɗai take kallo. LibreHardwareMonitor reshe ce ta Open Hardware Monitor, AIDA64 kuwa ta kuɗi ce. A Linux ana amfani da lm-sensors. Task Manager na Windows ba ya nuna zafin furosesa.

Yadda ake tantancewa

Abu na farko shi ne ranar sabuntawa: manhajar da ta girmi furosesa ba abin dogaro ba ce. A sauko da ita daga shafin mai ita, domin shafukan 'yan tsakiya sukan cusa tarkacen talla. Sannan a gwada ta. A bar kwamfutar minti 10 ba aiki a rubuta alƙalamin, a ɗora mata nauyi da manhajar gwaji irin Cinebench ko Prime95 na minti 10 zuwa 15, a duba layin mafi tsananin zafi. Alƙalami na gaskiya yana tashi cikin daƙiƙoƙi, ya sauka da zarar an tsayar da gwajin. Wanda ya kafe a 27.8 komai aka yi, ba na furosesa ba ne, na sashen ACPI ne (tsarin kula da wutar kwamfuta) da mai allon bai jona wa ma'auni ba. Kada a buɗe manhaja biyu tare, sukan yi karo wajen karanta ma'aunin allo. Zafin da BIOS (manhajar allon da ke tashi kafin Windows) ke nunawa yakan ɗan ɗara na Windows a zaune, don a can furosesa ba ta shiga yanayin tsimin wuta.

Iyakar yawancin furosesoshin Intel 100 ce, ta yawancin Ryzen 7000 kuma 95.

Taƙaddamar WinRing0

A Maris 2025 Microsoft Defender ya fara toshe direban WinRing0, wato ƙaramar manhajar da wasu manhajojin auna zafi na kyauta ke bi ta kanta su karanta ma'aunin, saboda ɓarakar tsaro da aka daɗe da sani. Wasu sun sauya direba.

A Zariya

Alƙaluman da ake gani a gwaje-gwajen ƙasashen waje an ɗauke su ne a ɗakuna masu sanyi. A bazarar Zariya, tsakanin Maris da Mayu, ɗakin da ba na'urar sanyaya iska yakan haura digiri 35 da rana, kuma kusan duk digirin da ya ƙaru a ɗaki sai ya ƙaru a furosesa. Hunturu kuma ƙura yake kawowa. Masu gyara a PZ da Sabon Gari sukan buɗe laftof su tarar da ita ta dunƙule kamar auduga tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da iska ke fita, fankar na ta ƙugi amma ba iska a baki. Ɗaliban Samaru da Kongo masu ɗora laftof kan katifa su ma toshe ƙofar iskar suke yi.

Mai sayen laftof ta hannu yana iya zuwa da HWiNFO a filas, irin wadda ba sai an girka ba. Idan zafin ya kai 95 cikin 'yan daƙiƙoƙi da fara gwaji alhali mafitar iska a share take, yawanci man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta ne ya bushe. Ana goge tsohon da sifirit, a ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar shinkafa, a ɗaure sukurorin bisa lambobin da aka buga a jikin ƙarfen.