Ajin Manya a Jos: Daga Ina Ɓarakar Ta Faro?

A majalisun Unguwar Rogo da Gangare, zancen makarantar manya ya sake tasowa. Wasu na cewa magidanta ne ba su da haƙurin zama a benci, wasu na cewa neman abinci bai bar wa kowa sarari ba. Waya ce ta tono maganar: saƙon banki ya shigo, sai dattijo ya nemi yaro ya karanta masa sirrin aljihunsa.

Abin ba na jiya ba ne. An san Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, da gangamin koyar da manya na 1982, da hukumar ilimin manya ta ƙasa da aka kafa a 1990.

Shekarar da ba a cika tunawa da ita ba ita ce 1959. Waɗanda suka tsara Yaƙi da Jahilci sun gane cewa babba ba don jarrabawa yake karatu ba. So yake ya karanta wasiƙarsa da kansa, ya duba rasidin haraji, ya san abin da aka rubuta masa a bakin sikeli. Shi ya sa aka kafa NORLA, hukumar wallafa littattafai ta Jihar Arewa, a Zariya, tana buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna. Kano na da Sodangi, Katsina na da Himma, Filato kuma na da Gamzaki. Leburan kuza da ya koyi baƙi da wasali da yamma yana da abin da zai ɗora ido a kai, labarin lardinsa, cikin harshen da yake ciniki da shi. A 1959 aikin NORLA ya tsaya, jaridun larduna suka bi baya. Azuzuwa ba su mutu ba, amma abin karantawa bayan an tashi daga aji ya ƙafe, hannun da ya fara faɗawa ya sake sandarewa. A ganina, tun daga nan muka koma auna nasara da yawan masu rajista da takardar shaida.

Dubi Islamiyyun matan aure a cikin garin nan. Ba sai an yi musu shela ba, domin abin da uwa ta koya yau da shi za ta yi sallar asuba gobe. Magidancin da ya daure ya shiga ajin boko kuwa, sau da yawa littafin yaran firamare ake miƙa masa, ba a tambaye shi ko lissafin shago ne ya kawo shi ko karanta takardar asibiti ba.