Blue Ridge Parkway da Rikiɗar Ganye a Kaka

Blue Ridge Parkway titin shaƙatawa ne da ke bin doron tsaunukan Appalachia a gabashin Amurka. Tsawonsa kilomita 755, daga gandun dajin Shenandoah a jihar Bajiniya zuwa gandun Great Smoky Mountains a Karolina ta Arewa. An soma aikinsa a 1935, bai kammala ba sai 1987, bayan an gina gadar Linn Cove da ta zagaye gefen dutsen Grandfather. Don kallo aka yi shi: a mafi yawan sassansa ba a yarda mota ta wuce kilomita 72 a awa ba, kuma jefi-jefi an ware wuraren tsayawa inda matafiyi zai ajiye mota ya hango kwari.

Wuraren nan sun fi cika a watan Oktoba, lokacin da ganye ke rikiɗa. Idan yini ya gajarce, sanyi ya shigo, bishiya takan daina yin sinadarin klorofil mai ba ganye launin kore. Sai launin ruwan ɗorawa da na ruwan lemo, waɗanda dama suna ɓoye a cikin ganyen, su bayyana. Jan launi kuwa sabo ne, daga sukarin da ya taru a ganye ake yin sa, shi ya sa ya fi ƙyalli a shekarar da aka samu rana tarwai da dare mai sanyi.

Rikiɗar daga sama take gangarowa. Wuraren da suka haura mita 1,500, irin su Graveyard Fields, su ke fara sauyawa a farkon Oktoba. Tsakiyar tsauni ya biyo baya a tsakiyar wata, kewayen birnin Asheville kuma sai ƙarshensa ko farkon Nuwamba. Mai tsayuwa a bisa yakan ga rassa sun yi tsirara a kusa da shi, ja da rawaya a ƙasa kaɗan, kwari kuma shar da shi. Abin mamaki, wurin tsayawa mafi tudu, Richland Balsam mai mita 1,845, ba nan launi ya fi yawa ba, domin itatuwan da suka fi yawa a can masu ganye kamar allura ne, ba sa kakkaɓewa.

Iska da ruwan dare ɗaya na iya zubar da ganyen dutse guda. A Satumban 2024 guguwar Helene ta haddasa zaftarewar ƙasa, aka rufe sassan titin ana dab da lokacin kallo.