Ziyarar Ɗalibai Zuwa Gaɓar Tekun Normandi: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar sanyi ya ja baya a Turai, sai ka ga manyan motoci shaƙe da ɗalibai daga Ingila, Amurka, Kanada da Faransa kanta sun nufi gaɓar tekun Normandi, a arewa maso yammacin Faransa.

Me ya faru a wurin har ake kai yara?

Ranar 6 ga Yunin 1944, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin ƙawance kimanin 156,000 suka ƙetaro teku daga Ingila suka sauka a Faransa, wadda ke hannun Jamus tun 1940. An raba gaɓar gida biyar, kowanne da sunansa na sirri: Yuta da Omaha na Amurkawa, Gold da Sword na Birtaniya, Juno na Kanada. Daga nan aka tura har aka ƙwato Faris a watan Agusta. Da waɗannan sunayen na yaƙi ake kiran wuraren har yau.

Ina ake fara kai su?

Galibi maƙabartar Amurkawa ta Colleville-sur-Mer, a kan tudun da ke kallon Omaha, inda aka fi zubar da jini a ranar farko. Kaburbura sama da 9,300 ne, fararen duwatsu a jere reras kan ciyawa mai ɗaukar ido. Malami mai dabara ba ya barin yara su watse suna ɗaukar hoto. Sai ya ba kowa sunan soja ɗaya tun a gida, ya ce ka binciko tarihinsa, in mun je ka nemo kabarinsa da kanka.

Daga nan sai Pointe du Hoc, wani dutse mai tsayin kusan mita 30 da sojojin Amurka kimanin 225 suka haura da igiyoyi da tsani, ana ta yi musu ruwan wuta daga sama. An bar ramukan bama-baman yadda suke, ciyawa kawai ta rufe su. Nan ne yawanci surutun ɗalibai ke raguwa.

Su kuma Jamusawan da suka mutu fa?

Suna La Cambe, tafiyar 'yan mintuna a mota, kuma sun haura 21,000, wato fiye da ninki biyu na Amurkawan Colleville. Wurin ba ya ƙyalli. Duwatsun baƙaƙe ne, a kwance a ƙasa, sau da yawa da sunan mutum biyu a kan guda, ga wani tudu a tsakiya inda aka binne waɗanda akasarinsu ba a san ko su wane ne ba. In ka duƙa ka karanta shekarun haihuwa, za ka yi ta cin karo da 1925 da 1926: yara 'yan sha takwas, 'yan sha tara, sa'o'in ɗaliban da ke tsaye a kansu.

Amma kada tausayi ya rufe wa mutum ido. A wannan maƙabartar aka binne Adolf Diekmann, hafsan da ya jagoranci kisan gillar ƙauyen Oradour-sur-Glane ranar 10 ga Yunin 1944, inda aka hallaka fararen hula sama da 640, har da mata da yara da aka ƙone a cikin coci. Wanda aka tilasta wa shiga soja da wanda ya kashe da gangan suna kwance a fili ɗaya. Wasu masu shirya tafiya kan tsallake La Cambe don lokaci ya ƙure. A ganina, gara a tsallake kantin sayar da tsaraba.

To me ya kawo garuruwan bakin teku cikin ziyarar yaƙi?

Ai a cikinsu aka yi yaƙin. Arromanches ƙaramin gari ne na masu hutu, amma a gabansa Birtaniya ta kafa tashar jiragen ruwa ta wucin gadi, da manyan tubalan kankare da aka jawo ta teku daga Ingila. Idan ruwa ya janye, sai a taka a ƙasa a je a taɓa wasu daga cikinsu, duk gansakuka ta lulluɓe su. Irinta da aka gina a Omaha guguwa ta ragargaza ta mako biyu kacal bayan sauka.

Bayeux, da ke ɗan nesa da teku, an ƙwato ta ranar 7 ga Yuni ba tare da an rushe ta ba, shi ya sa tsoffin gine-ginenta ke nan. Caen da Saint-Lô ba su yi wannan sa'ar ba: jiragen ƙawancen da suka zo 'yantar da su ne suka mayar da yawancinsu kufai. Fararen hula Faransawa kusan 20,000 suka mutu a yaƙin Normandi, kuma gidan tarihin Caen, da aka buɗe a 1988, ya ba wannan ɓangaren haƙƙinsa. Honfleur kuwa ana zuwanta ne don a huta, a ci kifi, a kalli kwale-kwale.

Ya dace a yi wasa a rairayin Omaha?

Mutanen yankin na wanka a wurin duk bazara, yara na gina gidajen yashi. A maƙabarta ne ake tsananta ladabi: ba gudu, ba ihu, ba cin abinci.

Akwai sojojin Afirka a wannan labari?

Ba su cikin rundunonin da suka sauka ranar 6 ga Yuni. 'Yan Najeriya sun yi nasu yaƙin a Habasha da ƙasar Bama (Myanmar ta yau), sojojin Afirka na Faransa kuma sun sauka a kudancin ƙasar, yankin Provence, ranar 15 ga Agustan 1944. Sai dai akwai zare ɗaya da ya taso daga Chadi. Gwamnanta Félix Éboué ya bi bayan Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a Agustan 1940, kuma daga Chadi ne wani hafsan Faransa mai suna Leclerc ya ja dakaru ya ci Kufra a Libiya a 1941. Rundunarsa ce ta rikiɗe ta zama wadda ta sauka a Yuta ranar 1 ga Agustan 1944, amma kafin nan, a 1943, an riga an zare baƙaƙen sojojin daga cikinta. Ba kowane ɗan jagora ke faɗin wannan ba sai an tambaye shi.

Wane shiri ake yi?

Jirgin ƙasa daga tashar Saint-Lazare a Faris kan kai Caen cikin kamar awa biyu. Daga Portsmouth ta Ingila kuma jirgin ruwa kan yi kamar awa shida zuwa Ouistreham, tashar ruwa da ke kusa da Caen. Wuraren a warwatse suke tsawon kilomita 80, don haka dole a yi shatar mota. A duba jadawalin cika da janyewar teku kafin a sa ranar Arromanches, a riƙe rigar ruwa ko da rani ne, a kuma guji makon 6 ga Yuni saboda cunkoso da rufe hanyoyi. Ɗalibai Musulmi su lura cewa abin shan tuffa da yankin ya shahara da shi yana da giya a ciki, kuma naman alade na yawan shiga girki, don haka a sanar da masauki tun kafin a iso.